Koyon Aikin Renon Ƙananan Yara a Ingila

Koyon aikin renon ƙananan yara hanya ce ta horar da ma'aikatan gidajen reno da makarantun nazare a Ingila. Mai koyo yakan kama aiki a gidan reno ana biyansa albashi, yana kuma karatu a ƙarƙashin wata kwaleji ko cibiyar horo, har ya samu takardar shaidar da gwamnati ta amince da ita. Yaran da ake kula da su a wannan fanni su ne daga haihuwa zuwa shekara 5. Ana karɓar mai koyo daga shekara 16, kuma babu iyakar shekaru ta sama. Galibin masu shiga mata ne, domin maza a fannin ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Abin da ya bambanta 'yar koyo da ɗalibar kwaleji shi ne ita ma'aikaciya ce tun ranar farko: tana da kwangila da hutun shekara, kuma ana iya lissafa ta cikin manyan da doka ta ce su kasance tare da yara. Amfanin tsarin da matsalarsa duk daga nan suka taso.

Asali

Koyon sana'a a hannun maigida tsohon abu ne a Ingila. Dokar masu sana'a ta 1563 ta wajabta wa mai koyo shekara bakwai kafin ya tsaya da ƙafarsa, amma reno bai shiga cikin waɗannan sana'o'i ba, don a lokacin ana ɗaukarsa aikin gida ne da yarinya take koya a wurin uwa ko uwar ɗaki.

Horo na musamman ya soma ne a ƙarshen ƙarni na 19. A 1892 Emily Ward ta buɗe cibiyar Norland a Landan don horar da masu reno bisa koyarwar Friedrich Froebel, Bajamushen da ya ƙirƙiro makarantar ƙananan yara mai koyarwa ta hanyar wasa. A 1914 'yan'uwa biyu, Rachel da Margaret McMillan, suka buɗe makarantar nazare ta fili a unguwar talakawa ta Deptford, inda aka haɗa wanka da abinci da shan iska da wasa. A 1930 aka buɗe kwalejin horar da malamai a wurin da sunan Rachel. A 1945 aka kafa hukumar jarrabawa ta NNEB, wadda takardarta ta shekara biyu ta daɗe tana zama ma'aunin ƙwarewa a fannin.

Tsarin da ake bi yanzu ya samo asali ne daga rahotanni biyu na 2012. Farfesa Cathy Nutbrown ta binciki takardun shaidar fannin, ta tarar da ɗaruruwansu a kasuwa, wasu ba su da nauyi, har masu gidajen reno ba sa iya bambance mai kyau da maras kyau. Sakamakon haka aka fito da sababbin sharuɗɗan takardar mataki na 3 a Satumban 2014. Shi kuwa rahoton Doug Richard ya ba da shawarar a bar masu ɗaukar aiki su rubuta ma'aunin kowace sana'a, a kuma yi wa mai koyo gwajin ƙarshe daga waje. Kan wannan shawara aka gina ma'aunan koyon sana'a na yau.

Matakai

Mataki na 2 shi ne na shiga. Yakan ɗauki kimanin shekara ɗaya, kuma wadda ta gama tana aiki ne a ƙarƙashin kulawar wata. Mataki na 3 yakan ɗauki kimanin wata 18. Shi ne ginshiƙin fannin, don mai wannan takarda tana iya riƙe ɗakin yara, ta tsara musu ayyuka, kuma ita ce mafi ƙarancin takardar da ake nema ga manajan gidan reno. Mataki na 5 na shugabannin ɗakuna ne da masu horar da na ƙasa da su, yana ɗaukar kimanin shekara biyu.

Kafin a bar mai koyo ita kaɗai da yara, sai hukumar DBS ta binciki tarihinta don a tabbatar ba ta cikin waɗanda aka haramta wa aiki da yara. Ana kuma buƙatar takardar taimakon gaggawa ga yara kafin a lissafa sabuwar mai takarda a matakinta cikin manyan da doka ta ce su kasance tare da yara.

Yadda horon yake tafiya

Ɓangarori uku ne suke sa hannu a yarjejeniya: mai koyo, gidan reno, da cibiyar horo. Yawancin mako yana tafiya ne a ɗakin yara, a gefen wata ƙwararriya da aka ɗora wa jagorancinta. Malama daga cibiyar horo takan kawo ziyara ta duba aikinta, su yi bitar inda aka kai.

Doka ta ware wani kaso na lokacin aiki don karatu, kuma ana biyan albashinsa. Da farko kashi 20 cikin ɗari ne na awannin aiki, daga Agustan 2022 aka mayar da shi aƙalla awa 6 a mako ga mai cikakken aiki, ƙa'idar da ta yi aiki har zuwa Agustan 2025. A cikin wannan lokaci ake halartar darasi, ana rubuta ayyukan kwas, ko a je wani ɗaki a ga yadda ake yi. Canza wa yaro ƙunzugu karo na ɗari ba ya shiga lissafin, sai abin da ya ƙara mata sabon sani.

Abin da ake koya

Tushen karatun shi ne kundin EYFS, wanda ya fara aiki a Satumban 2008 bisa dokar kula da yara ta 2006. Duk gidan renon da ya yi rajista da hukumar sa ido ta Ofsted dole ya bi shi. Kundin ya kasa koyon yaro gida bakwai. Uku su ne tushe: magana da fahimtar harshe, girman jiki da motsa gaɓoɓi, sai zama da mutane da sarrafa zuciya. Sauran huɗun su ne karatu da rubutu, lissafi, sanin duniya, da zane da kiɗa da wasan kwaikwayo.

Babbar fasahar da ake so mai koyo ta ƙware a kai ita ce lura. Idan yaro ɗan shekara biyu yana ta ɗiban ruwa da kofi yana juyewa a gwangwani har ya tumbatsa, ana koya mata kada ta ɗauka ɓarna ce. Sai ta durƙusa daidai tsayinsa, ta ba shi kalmomin abin da yake yi, wato ya cika, ya zube, babu komai, gobe kuma ta ajiye masa mazurari da kwalba mai ƙaramin baki ta ga abin da zai yi da su. Daga irin wannan lura ake rubuta rahoton da ake ba iyaye tsakanin shekara 2 da 3, wanda sau da yawa shi yake fara nuna jinkirin magana ko matsalar ji.

Kowane yaro yana da ma'aikaciya ɗaya da aka danƙa wa amanarsa ta musamman. Ita take karɓarsa da safe, ta san abincin da jikinsa ba ya so da yadda yake yin barci, ita kuma take magana da iyayensa da yamma. Ana ba mai koyo yaro ɗaya ko biyu tukuna, a ƙara mata a hankali.

Kiyaye lafiya yana da ƙa'idoji ƙanana masu nauyi. Ana yanka inabi a tsaye, ba a kwance ba, don kada ya toshe maƙogwaro. Ana kwantar da jariri a rigingine, ana leƙa shi a kai a kai. Yaro ba ya cin abinci sai a inda babba yake ganinsa yana kuma jinsa. Idan mai koyo ta ga tabo a jikin yaro ko ya faɗi maganar da ta ɗaga mata hankali, ba ta bincike da kanta. Takan rubuta abin da ta gani, da kalmomin yaron yadda ya faɗe su, ta kai wa jami'ar kare yara ta gidan a ranar.

Lissafin ma'aikata

Kundin EYFS ya ƙayyade yawan yaran da babba ɗaya zai riƙe. Ga 'yan ƙasa da shekara 2, babba ɗaya ga yara 3. Ga 'yan shekara 2, babba ɗaya ga yara 5 tun Satumban 2023, kafin nan yara 4 ne. Ga 'yan shekara 3 zuwa sama, babba ɗaya ga yara 8, ko 13 idan akwai mai takardar malanta. A kowane ɗaki sai an samu mai takardar mataki na 3, kuma rabin sauran ma'aikatan su kasance da mataki na 2.

Doka ta yarda a lissafa 'yar koyo mai shekara 16 zuwa sama cikin wannan adadi idan manaja ta gamsu da hankalinta da iya aikinta. Wannan ya sa gidajen reno suke son 'yan koyo, shi ne kuma yake cin lokacin karatunsu. Ranar da ma'aikaciya ɗaya ta kwanta rashin lafiya, ba a iya cire kowa daga ɗakin jarirai, kuma awannin karatun 'yar koyo ne suka fi saurin tafiya. Saboda haka ingancin horon ya fi dogara ga gidan da ta faɗa fiye da abin da aka rubuta a manhaja.

Kuɗi

Tun Afrilun 2017 duk kamfanin da jimillar albashin da yake biya ta wuce fam miliyan 3 a shekara yana biyan harajin koyon sana'a na kashi 0.5 cikin ɗari, daga ciki yake biyan kuɗin horon 'yan koyonsa. Yawancin gidajen reno ƙanana ne, ba su kai wannan ba. Irinsu suna biyan kashi 5 cikin ɗari na kuɗin horo, gwamnati ta biya saura, kuma daga Afrilun 2024 gwamnati take ɗauke musu duka idan mai koyo ba ta wuce shekara 21 ba. Mai koyo ba ta biyan ko sisi.

Akwai mafi ƙarancin albashi na musamman ga 'yan koyo, wanda ya shafi 'yan ƙasa da shekara 19 da duk wanda yake shekararsa ta farko. Ya kasance fam 6.40 a awa daga Afrilun 2024, ya koma fam 7.55 a Afrilun 2025.

Gwajin ƙarshe

A lokacin horo mai koyo takan tara kundin aikinta: tsare-tsaren wasa, rubutun lura da yara ba tare da sunayensu ba, da shaidar jagorarta. Idan gidan reno da cibiyar horo suka yarda ta isa, sai a gayyato mai gwaji daga waje wanda ba shi da hannu a koyar da ita. Yakan tattauna da ita kan kundin, a mataki na 3 kuma ya tsaya ya ga yadda take aiki da yara, ya yi mata tambayoyi kan dalilin kowane mataki da ta ɗauka.

Ƙalubale

Buƙatar ma'aikata ta ƙaru bayan gwamnati ta faɗaɗa renon da take biya wa iyaye masu aiki, wanda daga Satumban 2025 ya kai awa 30 a mako ga yara tun daga wata 9. Don a samu hannu da sauri an sassauta wasu sharuɗɗa. A Janairun 2024 aka cire sharaɗin cin jarrabawar lissafi kafin a lissafa ma'aikaciya a mataki na 3, a Agustan 2025 kuma aka rage mafi ƙarancin wa'adin koyon sana'a daga wata 12 zuwa 8. Masu gidajen reno da dama sun yi maraba da sauƙin, wasu masana kuma suna ganin ya saɓa wa manufar rahoton Nutbrown ta ɗaga darajar takardun. Ƙarancin albashi ma yana sa waɗanda suka gama horo su koma aikin kanti ko su nemi gurbi a firamare.

Wasu ƙasashe

A Jamus an daɗe ana horar da masu reno a makarantun sana'a ba tare da albashi ba, sai a 2012 jihar Baden-Württemberg ta fito da tsarin shekara uku da ya haɗa aiki da karatu da albashi, wasu jihohi suka bi sahu. A Amurka takardar shiga fannin da aka fi sani ita ce CDA, wadda aka fara bayarwa a 1975. Tana buƙatar awa 120 na darasi da awa 480 na aiki da yara, kuma jihohi da dama sun sa ta cikin shirye-shiryensu na koyon sana'a.