Ilmin Tarihi da Amfaninsa ga Ma'aikacin Sarauta a Ƙasar Gwandu

Mutane da yawa suna tsammani tarihi shi ne jerin sunayen sarakuna da yawan shekarun da kowane ya yi bisa gado, tare da labarun yaƙi da a ke ba yara da dare. Wannan wani yanki ne nasa kaɗai. Tarihi ilmi ne na binciken abin da ya auku a zamanin da, da sanin dalilin aukuwarsa, da rarrabe tabbas da ƙila. Ibn Haldun, wanda ya rubuta Muƙaddima a shekarar 1377, ya zargi marubutan da suka gabace shi da karɓar kowane labari ba tare da sun auna shi da hankali da al'adar zaman mutane ba.

Wanda ya taɓa zama a majalisar alƙali ba zai sha wuya wajen gane wannan ilmi ba, don aikin mai tarihi da na alƙali 'yan uwan juna ne. Alƙali bai ga abin da ya faru a gona ko a kasuwa ba. Sai ya nemi shaidu, ya bincika adalcinsu, ya ji ta bakin mai ƙara da wanda a ke ƙara, sa'an nan ya yanke. Haka mai tarihi ya ke yi, sai dai shi shaidunsa yawanci sun riga mu gidan gaskiya, abin da suka bari kaɗai ya ke tambaya.

Shaidun nan iri uku ne. Na farko rubutu, watau littattafan malamai, da wasiƙun sarakuna, da kundin kotu, da takardun haraji da jangali. Na biyu abin da a ke ji daga bakin tsofaffi da maroƙa da makaɗan fada. Na uku abin da ƙasa ta riƙe, kamar kufai da ganuwa da marina da kaburbura. Ganuwar duwatsu ta Surame, birnin Kanta, tana nan har yau, ko da babu takarda ta isa ta nuna yawan jama'a da ƙarfin mulkin da suka gina ta. Kowane irin shaida yana da aibinsa. Rubutu ya kan bi ra'ayin mai alƙalami, baki ya kan ƙara gishiri, dutse kuwa ba ya faɗin sunan wanda ya aza shi. Saboda haka ba a dogara ga ɗaya sai an gwada shi da sauran.

Sharaɗi na farko shi ne a san wanda ya yi magana. A Gwandu aka sami misalin wannan. A shekarar 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu, Bature matafiyi Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya sami aron wani littafi mai suna Tarihus Sudan. A cikinsa akwai labarin yadda Kanta ya yi wa Askiya Muhammadu na Songhai tawaye wajen 1517, bayan sun dawo daga yaƙin Agadas, a kan rabon ganima. Barth ya kwafi abin da lokaci ya ba shi dama, ya sanar da Turai cewa littafin Ahmadu Baba na Tambutu ne, aka yi shekaru ana faɗin haka. Da aka sami cikakken littafin aka buga shi a Faris a 1898, sai magana ta warware. Labarin da ke ciki ya kai har wajen 1655, alhali kuwa Ahmadu Baba ya rasu tun 1627. Mai littafin Abdurrahman Sa'adi ne. Ashe ko malami mai himma ya kan yi kuskure in ya ga rabin takarda, kuma littafin da kansa ne ya gyara kuskuren.

Sharaɗi na biyu shi ne a ji ta kowane gefe. Mutanen Jega sun fi kowa sanin nauyin wannan. Malam Abdussalami, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna da jama'arsa a Gimbana. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta faɗa wa garin ta kama mutane, da aka biyo da su ta kusa da Ɗegel jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan na cikin abubuwan da suka jawo hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. To, wannan Abdussalami da aka fara faɗa saboda shi, shi ne kuma ya saɓa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Kware a 1817, aka yaƙe shi, ya rasu a Bakura a farkon 1818. Ɗansa Buhari shi ya kafa Jega daga baya. Wanda ya tsaya ga 1803 zai ce Abdussalami gwarzon jihadi ne, wanda ya tsaya ga 1817 zai ce ɗan tawaye ne, kowannensu kuwa rabin magana ya riƙe. Abin lura shi ne Bello, sa'ad da ya rubuta labarin rikicin a Sardul Kalami, ya sa wasiƙun Abdussalami a ciki, kamar yadda ya sa na Shehu Laminu na Barno a Infaƙul Maisuri. Ya kawo hujjarsa, amma ya bar wa na baya hujjar abokin jayayyarsa, kamar muhutin kirki da ba ya tauye maganar wanda shari'a ta kayar.

Haka Malam Abdullahi na Gwandu ya yi a Tazyinul Waraƙati. Ya ba da labarin cin Birnin Kabi a 1805, ya kuma ba da labarin karyewar da aka yi a Alwasa cikin shekarar nan, bai ɓoye aibin da ya gani a cikin rundunarsu ba. Daga nan Gwandu da Kabawa suka daɗe suna ɗauki ba daɗi. Yakubu Nabame ya tada tutar Kabi a Argungu a 1849, aka yi sulhun da a ke kira Lafiyar Toga, aka sake komawa fagen fama, har zuwan Turawa. Labarin shekarun nan yadda a ke faɗinsa a Gwandu dabam, yadda a ke faɗinsa a Argungu dabam. Mai tarihi ba ya zaɓen na garinsu don na garinsu ne. Ya kan aza su gaba ɗaya ya ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Ya kan kuma tuna cewa a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa bikin kamun kifi, gabar ta zama zumunci.

Sharaɗi na uku kiyaye lokaci. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, watau cikin kowace shekara talatin da uku a kan sami rarar shekara guda. Wanda ya jera sarakunan gari da lissafin wata, ya ɗora su kan lissafin rana bai rage kome ba, zai sa jika ya yi zamani da kakan da bai taɓa gani ba. Tsofaffi kuwa ba su cika ƙidaya da lamba ba, sai su ce shekarar Satiru, ko shekarar yunwa kaza. Aikin mai bincike ne ya san Satiru 1906 ce, shekarar da fadar Gwandu ta koma Birnin Kabi, ya ɗaure sauran labari a jikinta.

Daɗa ina amfanin wannan duka ga hakimi da magatakarda da malamin haraji? Amfaninsa kullum yana bisa tabarmar aiki. Rikicin iyakar gona, da na burtali tsakanin manomi da makiyayi, da na gidan da ya cancanci sarautar gari, ba a raba su sai da sanin abin da ya gabata. Inda takarda ta ɓace, tsofaffi suka ƙare, mai ƙarfin baki shi ke cin gonar maraya. Tun 1968 kotuna suka fita daga hannun En'e, a 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, a 1991 aka yanke Jihar Kabi daga Sakkwato. Kowane sauyi a kan kwashe kundaye daga ɗaki zuwa ɗaki, gara da ɗigon ruwa kuwa ba su san darajar hatimin sarki ba.

Kada kuma a ɗauka tarihi na sarakuna da mayaƙa ne kaɗai. Albasar Aliero da a ke lodi zuwa Kudu da ƙasashen maƙwabta, da gidajen maɗora da a ke kawo musu masu karaya daga nesa, da kasuwar Jega wadda fatake suka sani tun kafin Turawa, da fadamun Maiyama, duk suna da mafari da dalili. Wa ya fara, daga ina iri ya zo, ta wace hanya a ke bi da jakuna kafin mota? Masu amsar nan suna zaune a zauruka, kowace shekara suna raguwa. Tun 2006 akwai jami'a a Aliero, ɗalibanta kuwa za su zo neman abin da ma'aikatan yau suka ajiye.

Abin da ya wajaba ga ma'aikaci ba mai wuya ba ne. Ya sa kwanan wata a kowace takarda. Ya rubuta sunan wanda ya faɗi magana da inda shi ma ya ji ta. Ya rubuta abin da aka ce ko da bai yi wa ubangidansa daɗi ba. Ya ɗaga tsohon kundi daga ƙasa, ya sa a kwafe shi tun tawada ba ta dushe ba. Layin da magatakarda ya rubuta yau da gaggawa, shi ne shaidar da za a kira bayan shekara ɗari, ranar da babu mai iya tashinsa a tambaye shi abin da ya ke nufi. Allah ya ba ma'aikata ikon riƙe wannan amana, amin.