Tsibiran Tiga da Tarihin da Ruwa Ya Rufe

'Yan'uwa marubuta, sau da yawa idan muka tashi kai jarumi da jarumarsa hutu a cikin littattafanmu, sai mu ɗora su a jirgin sama mu nufi Zanzibar ko wani tsibiri mai itatuwan kwakwa wanda yawancinmu a hoto kaɗai muka taɓa gani. To amma kafin mu ƙetare teku, ya kamata mu tuna cewa kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano, a ƙasar Bebeji, akwai wani makeken ruwa mai tsibirai na duwatsu a cikinsa. Wannan shi ne tafkin Tiga. Bambancinsa da na waje shi ne, tsibiransa ba tun fil'azal suke ba. Akwai dattawa da ransu a yau waɗanda suka san su tun suna duwatsu a tsakiyar gonaki, ana hawansu da ƙafa.

Asalin labarin yana komawa ne ga shekarar 1967, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kano aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako ya zama gwamnanta na farko. Mutum ne da ya fahimci cewa ƙasa mai yawan jama'a wadda damina ke yi wa wata huɗu ko biyar kacal, ba za ta dogara ga ruwan sama kaɗai ba. Don haka ya duƙufa wajen gina madatsun ruwa, kuma babbar cikinsu ita ce ta Tiga, wadda aka yi aikinta daga 1971 zuwa 1974 a kan Kogin Kano. Ana cikin aikin ne kuma fari mai tsanani ya auka wa ƙasashen Sahel, har da arewacin Nijeriya, dabbobi suka mutu, hatsi ya yi tsada. Wannan ya ƙara nuna wa jama'a cewa aikin ba almubazzaranci ba ne.

Bangon madatsar ya kai tsawon kimanin kilomita 6, tsayinsa kuwa mita 48. A lokacin da aka kammala aikin, idan tafkin ya cika yakan mamaye murabba'in kilomita 178, yana riƙe da ruwa kusan kyubik mita biliyan 2. Daga nan ne babbar magudana ke ɗaukar ruwa zuwa filayen noman rani na Kadawa, Kura, Garun Malam da Bunkure. Shinkafa da tumatir da alkamar da suka sa sunan wannan yanki ya fito, duk albarkacin ruwan Tiga ne. Saboda haka duk wanda ya tsaya a kan bangon nan da yamma yana kallon masunta cikin kwalekwale, to, yana kallon wani babban sashe ne na rumbun Kano.

Audu Bako bai tsaya kan noma kaɗai ba, ya so wurin ya zama na shaƙatawa. A zamaninsa ne aka yi otal ɗin Rock Castle a kan dutse a Tiga, inda baƙo zai hangi tafkin daga sama, da kuma otal ɗin Bagauda a bakin wani ƙaramin tafki da ke kan hanya, wanda ya ci sunan Bagauda, sarkin Kano na farko da tarihi ya ce ya hau mulki a shekarar 999. A shekarun 1970 da 1980, ma'aikata da 'yan kasuwa da baƙin ƙasashen waje sukan yi hutun ƙarshen mako a waɗannan wurare, a kuma yi manyan tarurruka. Daga baya al'amura suka canja. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan an tafka ruwan sama, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. Harabar otal ɗin kuwa daga bisani ta koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya.

Wanda ya bar Tiga ya koma babbar hanyar Zariya, idan ya isa Kwanar Dangora a ƙasar Kiru ya karkata zuwa hanyar Jos, zai bi ta Tudun Wada ya shiga dajin Falgore. Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe shi a shekarun 1940 da sunan dajin Kogin Kano, daga baya aka mai da shi gandun namun daji, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Muhimmancinsa ya wuce na kallon birai da tsuntsaye, domin kuwa ta cikinsa kogin yake ratsowa kafin ya zuba a Tiga. Idan aka sare itatuwansa, ƙasa za ta zaizaye, yashi da laka su cike tafkin. A shekarun 2010 dajin ya yi ƙaurin suna saboda ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har sai da aka girke sojoji a cikinsa. Can gaba kuma, a ƙasar Doguwa, akwai duwatsun Riruwai inda aka haƙi kuza tun zamanin Turawa, kafin harkar ta durƙushe a shekarun 1980 da farashin kuza ya faɗi a duniya.

Wannan yanki kuwa tun kafin zuwan Turawa yake da tarihi. A ƙarni na 19 shi ne bakin dagar Kano ta kudu, inda mayaƙan Ningi suka riƙa kawo hari, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya sha fita yaƙi da su. Duwatsun da muke ɗauka abin ado ne a yau, mafaka ce ga mutanen wancan zamani.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Kafin ruwa ya taru a Tiga, sai da aka tashi dubban mutane daga ƙauyukansu aka kai su sababbin matsugunai. Gonakinsu da rijiyoyinsu da kukokinsu da maƙabartun iyayensu duk suna ƙarƙashin ruwan nan. Haka nan mutanen fadamun Haɗeja da Nguru, can ƙasa, sun ga ambaliyar da suke noma da kamun kifi da ita ta ragu, musamman bayan an ƙara madatsar Challawa a 1992, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Takardun hukuma sun adana tsawon bango da yawan ruwa. Amma sunan unguwa, da sunan dutsen da yara ke kiwo a gindinsa, da yadda aka kwashe kaya ranar tashi, waɗannan suna cikin zukatan tsofaffi ne. Yaron da ke da shekara 15 a 1974 yanzu ya haura 60. Kowace shekara kuma muna rasa wasu daga cikinsu.

Saboda haka shawararmu ga 'yan ƙungiya, musamman masu tasowa, ita ce mu je Tiga, amma kada mu tsaya ga ɗaukar hoto. Mu tafi da alƙalami da takarda, mu gai da masu gari, mu nemi izinin zama da dattawa maza da mata. Mu shiga kwalekwale da masuncin da ya san ruwan, mu tambaye shi sunan kowane tsibiri da abin da ke gindinsa a da. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, amma a Tiga sai an haɗa gani da ji, domin rabin abin kallon ruwa ya rufe shi. Idan ba mu rubuta shi ba, wa zai rubuta mana?

Allah ya sa mu dace, amin.