Tarihin Keke da Masu Keke a Birnin Yamai

  Darasinmu na yau a kan keke yake, da masu hawansa, da masu gyaransa a birnin Yamai.

Bari mu fara da asalinsa. A shekarar 1817 wani Bajamushe, Karl Drais, ya haɗa ƙafa biyu da katako. Abin nan ba shi da feda. Mutum yakan zauna ne yana tura ƙasa da ƙafafunsa. Bayan shekarar 1860 maƙeran birnin Paris suka sa masa feda. A 1885 wani mutumin Ingila, John Starley, ya fito da keke mai sarƙa, irin wanda muka sani. A 1888 wani likitan dabbobi, John Dunlop, ya yi masa taya mai iska. Kun gani, tun can farko keke aikin masu dabara ne, kowa ya ƙara tasa.

Ta ina ya iso mana? Ta bakin teku. Sunan ma shaida ne, don kalmar keke daga Yarbanci Hausa ta aro ta. Jirgin ruwa ya sauke kaya a Ikko, jirgin ƙasa ya kai su Kano, fatake su wuce da su Maraɗi da Damagaram. Akwai kuma hanyar Kwatano, wadda ta biyo ta Gaya da Doso.

A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka maido shi Yamai. Aka gina ofisoshi da kantuna. A zamanin nan keke yana da tsada ƙwarai. Sai malamin ofis, ko tafinta, ko ɗan kasuwa mai hali. Wanda ya sayi sabo, unguwa duka sai ta sani. Daga baya kekuna suka yawaita: Peugeot na Faransa, da Raleigh wanda har aka riƙa haɗa shi a Kano, da Phoenix na ƙasar Sin.

Babban sauyi ya zo a 1970, da aka buɗe gadar Kennedy. Kafin nan, mai son ƙetare kogin Kwara sai ya jira kwalekwale ko jirgin fito. Da gada ta samu, sai Harobanda ta haɗu da gari. Mai lambu ya ɗaure salak da tumatir a bayan kekensa, ya kai Ƙaramar Kasuwa tun da asuba. Wannan kasuwa ita ce gobara ta cinye a 2012. Mai burodi ma da keke yake zaga unguwanni. Haka mai gadi da ɗan makaranta. Keke ya tashi daga abin ado, ya zama abin neman abinci.

To, a nan ne babban zancen yake. Ƙarfen daga waje ya zo, amma hannun mutanenmu ne ya raya shi. Ku dubi mai faci a gindin itace. Kayansa famfo ne, da kwanon ruwa, da almakashi, da gam. Yakan tsoma robar ciki a ruwa. Inda kumfa ya taso, nan hujin yake. Ya kankare wurin, ya shafa gam, ya manna faci. Yaran da ke gefensa suna kallo, suna miƙa masa kaya, har su ƙware su buɗe nasu wurin. Rumfarsa kuwa majalisa ce. Nan ake shan shayi, a ji labarin gari, a san wanda ke neman ma'aikaci.

Ku shiga kasuwar Katako, inda maƙera da masu walda suke mai da tsohon ƙarfe sabon kaya. Keken da ya karye, a liƙe shi. Mai ɗaukar kaya a ƙara masa ƙarfe a baya. Da wannan irin dabara ne ake ƙera keke mai ƙafa uku, wanda ake murzawa da hannu. Wanda shan-inna ya taɓa, da shi yake zuwa masallaci da kasuwa, ba sai an ɗauke shi ba.

Ko mataccen keke ba a yar da shi. Tsohuwar roba a yanka ta, a ɗaure kaya da ita. Yara su yi gare-gare da ƙarfen ƙafar. Waɗansu su lanƙwasa waya su ƙera ɗan kekensu na wasa. Samari kuma su naɗe jikin nasu da roba mai launi, su sa madubi da ƙararrawa, su rubuta addu'a ko karin magana a baya. Akwai kuma masu tsere, suna da ƙungiyarsu ta ƙasa. Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun fi mu nisa a nan: tun 1987 suke da babban tsere mai suna Tour du Faso.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Kayan waje suka yi tsada, gyara ya ƙara daraja. Amma bayan shekarar 2000 babura masu araha suka cika gari. Sai waɗansu suka fara raina keke, wai hawan matalauci ne. Titi ma ya cika da motoci, mai keke ya koma gefe cikin rairayi, ransa a hannun Allah.

Ƴan'uwa, wannan raini asara ce. Keke ba ya shan mai. Kuɗin da ya rage maka, na hatsi ne da littafin yara. Yaron da makarantarsa ke nesa, namiji ko mace, keke na iya hana shi barin karatu. Don haka ne Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2018, ta sa 3 ga watan Yuni ta zama ranar keke ta duniya.

Kai mai keke, duba birkinka kafin ka fita, ka bi hannun dama, ka sa fitila da dare. Kai mai mota da mai babur, ku ba shi hanya, don shi ma iyali ke jiransa.

Ga aikin wannan mako. Na ɗaya: ku tambayi dattijon unguwarku, wa ya fara sayen keke a cikinta? Ku rubuta amsarsa. Na biyu: ku lissafa abin da kuke biya na taksi ko na mai a wata guda, ku gwada shi da kuɗin faci. Ku tattauna a tsakaninku.

Sai mun sake saduwa. Allah ya kiyaye hanya, amin.