Abin da muka saya da waɗanda muka ɗauka

Daga Gidan Waya zuwa Godogodo, daga Kagoma zuwa Kafanchan, da wuya ka shiga gida uku ba ka tarar da hoton wani cikin kaki rataye a bango ba. Ni ma haka aka rataye nawa. Na yi aikina ne a ɓangaren sito har na ajiye, wato mu ne masu karɓar abin da gwamnati ta sayo, mu ƙirga, mu rubuta, mu raba. Shi ya sa idan na ji minista a rediyo yana cewa za a zamanantar da soja, yawan jiragen da ya lissafa bai cika motsa ni ba. Abin da nake kasa kunne in ji shi ne wa zai gyara su, kuma ta wace ƙofa za a ɗauko shi aiki.

Rundunar sojan Najeriya ta fara ne a Legas a 1863 da 'yan tsirarun mutanen da John Glover ya tara, waɗanda aka riƙa kira Hausawan Glover. Har bayan da Lugard ya kafa rundunar Afirka ta Yamma, da Hausa Bature yake magana da kurtu da kofur da saje. A 1924 aka buɗe makarantar horar da kurata a Zariya. Tsayi ake dubawa, da faɗin ƙirji da lafiyar ƙafa, ba ruwan kowa da takarda. Da wannan ma'auni aka kwashi kakanninmu zuwa Boma a yaƙin duniya na biyu.

Babban gyaran da aka taɓa yi wa sojan Najeriya, a ganina, ba a jirgin ruwa ya iso ba. A ofis aka rubuta shi. Lokacin da aka sami 'yancin kai a 1960, hafsoshi 'yan ƙasa ba su da yawa, 'yan Arewa a cikinsu irin su Zakariya Maimalari da Kur Muhammad da Yakubu Gowon kuwa ana ƙirga su da yatsu, alhali yawancin masu riƙe da bindiga daga Arewa suke. A 1961, zamanin da Muhammadu Ribaɗu yake ministan tsaro, aka sa tsarin kaso a ɗaukar hafsoshi: rabi na Arewa, kwata na Gabas, kwata na Yamma. Manyan Arewa suka bi makarantu suna lallashin yara su shiga, abin da ya fito da su Babangida da Abdulsalami daga sakandaren Bida ke nan. Mutanen kudu da yawa sun ce an danne cancanta, kuma ɗacin wannan magana yana cikin abin da ya tafasa har aka yi juyin mulki a 1966. Ba na musun haka. Amma a wajenmu ƙofa ce ta buɗe. Rabin nan na Arewa yana buƙatar yara masu takardar sakandare, mu kuwa makarantun mishan na Kagoro da Kwoi da sauransu sun riga sun cika ƙasar da 'ya'yan Bajju da Atyap da Ham da Gwong masu karatu, waɗanda ba su da ƙafa a ofisoshin En'e. Da aka buɗe makarantar hafsoshi ta Kaduna a 1964, ga hanya har bakin gida. Sai da aka yi shekara arba'in kafin a ga ƙarshen amfanin: Martin Luther Agwai ya zama babban hafsan sojan ƙasa a 2003, ya zama babban hafsan tsaro a 2006, ya je ya jagoranci dakarun kiyaye zaman lafiya a Darfur, Luka Yusuf na Kagoma ya riƙe sojan ƙasa a 2007, Christopher Musa na Zangon Kataf ya hau kujerar babban hafsan tsaro a 2023.

Labarin kaya daban ne. A 1964 ɗin nan dai aka kafa masana'antar makamai ta DICON a Kakuri da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, don ƙera bindiga da harsashi a gida. Yaƙin basasa ya sa ta aiki ba dare ba rana, duk da haka sai da aka nemi jiragen MiG a wajen Tarayyar Sobiyet, domin Ingila da Amurka sun ƙi ba da jiragen yaƙi. Rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba ta kumbura zuwa wajen 250,000 cikin wata talatin. An ɗauki mutane an ba su horon 'yan makonni an tura su daji. Da aka gama, ga sojoji babu bariki, sai haya a cikin gari. Da sunan gina musu barikoki ne ma'aikatar tsaro ta yi odar siminti tan miliyan 16, jirage ɗaruruwa suka toshe tashar Apapa a 1975, ana biyan kuɗin jira, simintin yana daskarewa a cikin jirgi. Ita kuwa masana'antar Kakuri, bayan yaƙi an bar ta har ta koma yin kujeru da harkar gishiri.

Zamanin Shagari aka yi sayayya ta gaske: jiragen Alpha Jet, tankokin Vickers, da Jaguar 18 daga Ingila waɗanda suka iso a 1984. Jaguar ɗin ba su cika shekara goma suna tashi ba aka ajiye su, don kuɗin kula da su ya gagara. Mai sayen doki ya san harawa ce aikin, amma kwangilar sabon jirgi tana da maiƙo da hoto a jarida, kwangilar kayan gyara ba ta da ko ɗaya. Ranar 26 ga Satumba 1992 jirgin C-130 ya faɗi a Ejigbo jim kaɗan da tashinsa daga Legas, da mutum fiye da 150, galibinsu matasan hafsoshi ɗaliban kwalejin Jaji. Duk wanda yake cikin kaki a lokacin ya rasa wani da ya sani.

Boko Haram ce ta tona abin da ke cikin sito. A 2014 sojoji suka yi bore a barikin Maimalari da ke Maiduguri, Amurka ta hana a sayar mana da jirage masu saukar ungulu ƙirar Cobra, Afirka ta Kudu ta kama tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 da aka kai cikin jirgi don sayen makamai. Daga baya shari'ar tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro Sambo Dasuki kan dala biliyan 2.1 na sayen makamai ta biyo. Tun daga nan an sayo da yawa: tankokin VT-4 daga Sin a 2020, JF-17 guda uku daga Pakistan da Super Tucano 12 daga Amurka a 2021, sai jiragen T-129 daga Turkiyya. Kaya ne masu kyau, Tucano ɗin da ke Kainji sun yi aiki. Sai dai ɗan sito yana ganin abin da ɗan jarida ba ya gani: ƙasa huɗu, littafin gyara huɗu, ƙusa da noti iri huɗu, kuma kowane yana son makanikinsa da aka tura waje ya koyo. Shi ya sa motar sulke ta Ezugwu da aka ƙaddamar a Kaduna a 2019, da sabuwar dokar DICON ta 2023, suka fi faranta mini rai, ko da yake motar ba ta kai na waje ba.

Nan gida, hare-haren Godogodo na 2016 da rufe kwalejin ilimi ta Gidan Waya na tsawon watanni sun jawo aka aza harsashin sansanin soja kusa da Kafanchan a 2017, ga kuma makarantar igwa a Kachia tun da daɗewa. Abin da mutanen ƙauye suke nema ba jirgin sama ba ne, mota ce mai mai a ciki da sojan da zai iso kafin a gama ƙone gari. Abin da ya faru a Tudun Biri a Disamba 2023, inda jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya kashe masu Mauludi fiye da 80, ya nuna inda sabon kaya yake kaiwa idan ya riga horo isowa.

Yanzu ta intanet ake cike takardar shiga, kowace jiha da kasonta, mata ma tun 2011 ake ɗaukarsu kwas ɗin hafsoshin yaƙi a Kaduna. Yaran unguwa sukan kawo mini takardunsu in duba, wasu da shaidar malanta ta kwalejin Gidan Waya, kusan dukansu bindiga suke so su riƙe. Nakan ce wa wanda ya iya waya ko injin ko kwamfuta ya nemi gurbin masu sana'a, don can ne ake da ƙaranci, kuma sana'ar za ta bi shi gida bayan fansho. Nakan kuma gargaɗi iyayensu kada su sayar da buhunan citta su ba wani mai cewa yana da hanya a Abuja, domin takardar shiga kurtu kyauta ce.