Yadda ake yawo cikin hoton madubin likita a kwamfuta

Mai karatu, idan an ɗebi jini a yatsanka domin gwajin zazzaɓin cizon sauro, akan shafa ɗigon a kan ɗan gilashi, a rina shi, sannan a ɗora shi ƙarƙashin madubin likita. Madubin yana ƙara girman abu har sau 1,000. Da irinsa ne Alphonse Laveran, likitan sojan Faransa, ya fara ganin ƙwayar wannan cuta a ƙasar Aljeriya a shekarar 1880.

A yau akwai na'urar da ke ɗaukar hoton gilashin baki ɗaya, ta zuba shi cikin kwamfuta. Ta haka ƙwararre da ke nesa zai iya duba shi ba tare da an kai masa gilashin ba. A shekarar 2017 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a gano cuta ta irin wannan hoto, a tsokar da aka yanko daga jikin majinyaci.

Sai dai hoton yana da faɗi ƙwarai, allon kwamfuta kuwa ɗan yanki yake nunawa. Mai dubawa tamkar mai leƙen gonar gero ne ta hudar zana: dole ya yi ta matsawa kafin ya ga iyakarta. Saboda haka abin da yake riƙewa a hannu domin matsar da hoton ba ƙaramin al'amari ba ne.

Dubi tsohon madubi. Hannu ɗaya yana murɗa abin da ke matsar da gilashi, ɗayan yana daidaita gani, ido kuma ba ya barin aikinsa. Wannan sauƙin ne masu ƙira suke nema. Da linzamin kwamfuta, ana danna hoton a ja shi, a murza ɗan tayan da ke bisa domin kusantowa ko nisantawa. Hanya ce mai saurin koyo, amma ja da saki sau ɗaruruwa a yini yana gajiyar da wuyan hannu. Shi ya sa wasu suka fi son ƙwallon da ake mirginawa da yatsa, ko abin murɗawa irin na da. A allon taɓawa kuma, ka buɗe yatsu biyu hoto ya girma, kamar yadda kake yi a wayarka.

Ga wani abu da akan manta. A tsohon madubi, in ka tura gilashi dama, hoto hagu yake tafiya. Wanda ya shekara goma da wannan sabo zai rikice in kwamfuta ta yi akasin haka, don haka ya kamata a bar shi ya zaɓi ɓangaren da hannunsa ya sani.

Abu mafi amfani shi ne ƙaramar taswira a kusurwar allo, mai nuna inda kake da inda ka riga ka wuce. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a duba aƙalla wurare 100 a ɗigon jini mai kauri kafin a ce babu ƙwayar cuta. In ba taswira, mutum zai iya duba gefe ɗaya sau biyu, ya tsallake inda ƙwayar take, a sallami yaro da cutarsa.

Ɗigon kuma yana da kauri, ƙwayoyin ba a hawa ɗaya suke ba. Na'ura mai kyau takan ɗauki hoto hawa-hawa, ta ba mai dubawa abin murzawa domin ya nutsa ƙasa ko ya hau bisa.