Lasisin Kare: Sule Bakwai Da Sisi Na Shekara Ɗari

Jama'a, mu mazauna kudu mun saba da ma'aikatan ƙaramar hukuma masu yawo da rasit. To, Ingila ma ta taɓa karɓar kuɗin lasisin kare. A 1878 majalisar dokoki ta yanke sule bakwai da sisi a shekara, ana biya a gidan waya. Daga baya kuɗin ya koma asusun ƙananan hukumomi, amma su ba su da ikon ƙara shi. Fiye da shekara ɗari bai motsa ba, har ɗawainiyar karɓa ta cinye abin da ake tarawa. A 1988 aka soke shi.

A Nijeriya kuwa, tsarin mulkin 1999 ya damƙa wa ƙananan hukumomi tsara ajiye irin waɗannan dabbobi. In sun zo karɓa, mu nemi ganin dokar da ta yanke kuɗin, mu karɓi rasit.