Jinkirin tashin kwamfuta: ina laifin antibirus, ina laifin na'urar kanta?

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfutar biro da safe a Magarya ko Dungas ya san wannan jiran. Ka danna maɓalli, ka fita ka gaisa da maƙwabta, ka dawo, ita tana nan tana ta juya ɗan zobenta. In aka kai ta wurin mai gyara, sau da yawa maganar farko ita ce: "Antibirus ne ya yi mata nauyi, a cire shi." Wani lokaci da gaskiyarsa. To amma mu nan gidan rediyo mun taɓa bin wannan shawara, kuma ba mu ji da daɗi ba. Shi ya sa muka tattara wannan bayani domin sakatarorin ma'aikatun magajin gari, malaman lakwal, ma'aikatan likita da masu shagunan buga takardu, tun daga Bande da Waca har Guci da Malawa.

Abin da ke faruwa bayan an danna maɓalli

Da farko na'urar tana duba kayan jikinta, wannan daƙiƙoƙi kaɗan ne. Daga nan sai ta fara kwaso Windows daga diski, wanda masu gyara ke kira dis-dur, tana zubawa cikin RAM, wato faifan da take shimfiɗa aikin da ke hannunta. Bayan ka sa lambar sirri, sai duk manhajojin da aka ba izinin tashi da kansu su taso lokaci guda, kowace na neman diski ya saurare ta. Nan ne mafi yawan jinkirin yake. Fuskar kwamfuta ta bayyana, ka zaci ta shirya, ka danna Word, shiru.

Antibirus yana cikin na farkon tashi, kuma da gangan aka yi hakan. Tun daga Windows 8, wanda ya fito a 2012, aka ba manhajar tsaro damar tashi kafin sauran, don kada birus ya riga ta shiga. Mai gadi ai kafin a buɗe ƙofa yake zuwa.

Arrêter da Redémarrer ba abu ɗaya ba ne

Galibin kwamfutocinmu da Faransanci suke, don haka za mu kira maɓallan da sunan da kuke gani. Mutane da yawa sun lura cewa in suka danna Arrêter suka sake kunnawa, na'urar ta fi saurin tashi a kan in sun danna Redémarrer, sai su ɗauka Redémarrer ɗin ne ke da matsala. Ba haka ba ne.

A Windows 8, 10 da 11 akwai wani tsari mai suna Démarrage rapide. In ka danna Arrêter, kwamfutar ba ta mutuwa gaba ɗaya. Tana rufe manhajojinka, amma zuciyar Windows sai ta naɗe ta yadda take, ta ajiye cikin wani fayil a diski, gobe ta warware ta ci gaba daga inda ta tsaya. Kun ga ke nan in akwai wata ƴar matsala da ta maƙale jiya, da ita za a tashi yau. Redémarrer kuwa yana share komai ya fara daga tushe, shi ya sa ya fi ɗaukar lokaci. Kuma a lokacinsa ne sabuntawar Windows, wato miz-a-jur, da ta antibirus ke ƙarasa zama. Wanda ke gudun Redémarrer saboda jinkiri yana tara wa kansa aiki ne. Ranar da ya danna, sai na'urar ta biya bashin makonni a zama ɗaya. Mu dai a situdiyo sau ɗaya a mako muke yi, bayan an rufe shirye-shiryen dare. Mai son kashewa ta gaske kuma, ya riƙe maɓallin Maj yayin da yake danna Arrêter.

Nauyin da antibirus ke ɗorawa

Aikinsa iri uku ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba. Akwai sa ido na kowane lokaci: duk fayil ɗin da aka buɗe, aka kwafa ko aka sauko da shi, sai ya leƙa cikinsa kafin ya bari ya wuce. Akwai babban bincike da yake yi lokaci-lokaci, yana bin diski lungu-lungu. Sai kuma ɗauko sababbin bayanan birus daga intanet.

A ƙasashen da ake barin kwamfuta kunne dare da rana, babban binciken da sabuntawar suna gudana ne lokacin da ba kowa a kujera. Mu nan ba haka abin yake ba. Kwamfuta tana aiki ne ƴan sa'o'in da akwai kuran, ko lokacin da batirin sola ke da ƙarfi, ko in an ta da injin. Intanet kuma sai an jona da wayar wani. Saboda haka da zarar an kunna, ayyukan da suka taru sai su faɗo tare, daidai lokacin da kai ma kake son buga takardar haihuwa ko sakamakon jarrabawa. Wannan, a ganinmu, shi ne babban dalilin da ya sa antibirus ya yi baƙin jini a yankinmu.

Amma nauyin da ake ji ya danganta da ƙarfin mai ɗauka. Yawancin kwamfutocin hannu, ƴan okaziyo, da ake sayowa daga Damagaram ko Kano suna zuwa da tsohon diski mai faifai a ciki, wanda ke juyawa sau 5,400 a minti, da allura mai yawo tana neman bayani. In antibirus da Windows da Chrome suka taru a kansa, allurar nan sai ta yi ta kai da kawowa. Sabon nau'in diski, SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa, kuma wajen karanta ƙananan fayiloli masu yawa ya ninka tsohon sau da dama. Haka RAM: Windows 11 ba ya yarda da ƙasa da giga 4, kuma ko a Windows 10 giga 4 ɗin da ƙyar yake isa. Kwamfuta ɗaya, antibirus ɗaya, a canza mata diski zuwa SSD kawai, sai ka rantse sabuwa ce.

Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da ke auna wannan nauyi, kamar AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya. AV-TEST na ba da maki har 6 a fannoni uku: kariya, rashin nauyi, da sauƙin amfani. Sai dai fa a tuna ba a kan gajiyayyun na'urori irin namu suke gwajin ba.

Masu gadi biyu a ƙofa ɗaya

Abin da muka fi cin karo da shi in an kawo mana kwamfuta mu duba shi ne antibirus biyu ko uku a jibge. Mai sayarwa ya sa ɗaya, mai gyara ya ƙara wani, ɗan mai gida ya sauko da na uku. Kowanne na binciken fayil ɗin da ɗan'uwansa ya taɓa, wani lokaci ma su riƙa zargin juna. Har mun ga Avast da AVG tare, alhali Avast ya sayi AVG tun 2016, injin bincikensu ɗaya ne.

Windows 10 da 11 sun zo da nasu antibirus a ciki, Microsoft Defender, kyauta, kuma yana janyewa da kansa in aka sa wani. A nan ne haɗarin na gwaji yake, wanda wa'adinsa ya ƙare tun bara: yana nan yana cin RAM, yana ta turo saƙon a biya kuɗi, sababbin birus kuwa bai san su ba. Irin wannan a cire shi daga tushe, sannan a leƙa Sécurité Windows a tabbatar Defender ya karɓi aiki. Antibirus na sata kuwa, wanda aka fasa makullinsa, shi kansa kan zo da abin da ake gudu. Smadav, ɗan ƙasar Indunusiya da ake yawan gani a shagunan buga takardu, masu shi da kansu sun ce ƙari ne don kile, ba ya maye gurbin babban antibirus.

Abin da ya same mu

Kwamfutar da muke haɗa shirye-shirye da ita ta yi nauyi, aka ce a kashe tsaronta gaba ɗaya, muka kashe. Ta ɗan yi sauri, gaskiya. Ba a yi wata guda ba wani abokin aiki ya dawo da kile daga wani shagon hotokofi, ya soka. Washegari duk jakunkunan muryoyin da muka ɗauko daga ƙauyuka sun koma rakursi, wato ƴan alamomi masu kibiya, kuma duk kilen da ya taɓa na'urar ya kwasa. Allah ya sa wannan nau'in birus yakan ɓoye fayiloli ne ba ya gogewa, mun samo su bayan wahala. Daga baya aka gano asalin ciwon: diskin ne ya tsufa, kuma ƙurar hunturu ta toshe fanka.

Wannan na ƙura da zafi ba ƙaramin abu ba ne. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kwamfuta na rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Mai ɗora ta kan katifa ko tabarma yana toshe mata hanci.

Ba muna cewa manhajar tsaro ba ta kuskure ba. Ranar 19 ga Yulin 2024 wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin CrowdStrike ta hana kwamfutoci tashi a filayen jiragen sama, bankuna da asibitocin duniya; Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5. A ɗaya gefen kuma, birus ɗin WannaCry na watan Mayun 2017 ya kulle fayiloli a ƙasashe sama da 150, alhali maganin ƙofar da ya bi ya fito tun watan Maris, mutane ne ba su sabunta ba. Ga masu tsofaffin Windows kuwa, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoban 2025. Antibirus ba ya toshe ramin da ke jikin ginin kansa.

Yadda za ka gane mai laifi

Kafin ka cire komai, danna Ctrl, Maj da Échap tare, Gestionnaire des tâches zai buɗe. Dubi layin diski. In ya tsaya a 100% na tsawon mintuna bayan tashi, diskin ne ya gaza. In ka ga Antimalware Service Executable a sama, Defender ne ke bincike, ka ba shi lokaci ya gama, ba kullum yake yi ba. Sannan ka shiga sashen Démarrage, inda aka jera manhajojin da ke tashi da kansu tare da nauyin kowace. Kashe waɗanda ba ka buƙata da safe, ka bar na tsaro da na sauti. Mai jona intanet da waya ya sa layin a matsayin Connexion limitée, don kada Windows ya cinye masa kuɗin data a zama ɗaya, amma ya ware rana guda ya bar sabuntawar ta sauka.

In allon ya nuna cewa ana sabuntawa, kada a kashe, to kada a zare waya ko a danne maɓalli, ko da an ga kamar ta tsaya. Yankewar kuran a wannan gaɓa na iya hana Windows tashi baki ɗaya. Mai kwamfutar tebur da ba shi da ondilar, akwatin batirin nan da ke riƙe wuta na ƴan mintuna, gara ya jira lokacin da injin ke aiki kafin ya danna Redémarrer, kuma ya kwafe muhimman takardunsa a wani diski daban tukuna.